Jirgin ruwan yaƙi na rimot: ka bar ƙaramin makunni, ka nemi fulogi

Akwai wani wasa da ake yi a Amurka da Ostareliya wanda duk mai sha'awar kayan lantarki ya kamata ya nema a YouTube ya kalla. Manyan mutane ne, wasunsu har da furfura, suke jeruwa a bakin tafki da rimot a hannu da tabarau na kare ido, suna tuƙa ƙananan jiragen ruwan yaƙi da suka ƙera da kansu, suna harbin juna har sai wani ya nutse. Harbin na gaske ne, nutsewar ma haka. Idan jirginka ya tafi ƙasa, kai za ka tuɓe takalmi ka shiga ruwan ka ɗauko shi.

Wasan ya samo asali ne a jihar Texas a ƙarshen shekarun 1970. Ana kwaikwayon jiragen yaƙi na gaske, tun daga farkon ƙarni na 20 zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 1:144, wato kowace mita 144 ta jirgin gaske ta koma mita ɗaya. Yamato na Japan, mai tsawon mita 263, sai ya dawo kimanin mita 1.8. Bismarck na Jamus, mai mita 251, ya dawo mita 1.74. Gefen jirgin siririn katakon balsa ne, a wani rukunin kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, kuma da gangan aka yi shi haka don harsashi ya huda. Bindigogin suna aiki da iskar CO2, suna harba 'yan ƙwallayen ƙarfe masu milimita 4.5 a rukunin da ake kira Fast Gun, a rukunin Big Gun kuwa har masu ɗan wuce milimita 6. Da an huda jirgi ruwa zai fara shiga, sai famfon da ke cikinsa ya yi ta fitarwa. Ranar da ruwan ya fi ƙarfin famfo, shi ke nan.

To a cikin jirgi irin wannan, inda aka kashe kuɗi a kan batir da moto da rimot da bindigogi, akwai wani ɗan abu da sabon maƙeri yake barinsa sai ƙarshe, ya ɗauko duk wanda ya tsinta a akwatin tarkace: makunnin da ke kunna wutar jirgin gaba ɗaya. Ra'ayina a kan wannan a fili yake. A babbar hanyar wuta, tsakanin batir da motoci masu juya farfela da famfo, kada ka sa makunni na yau da kullum ko kaɗan. Ka sa fulogi mai cirewa, da fiyus a bayansa. In kuma dole sai ka kunna daga waje ba tare da buɗe murfi ba, to ƙaramin makunnin ya zama ɗan aike kawai, wani abu daban ya ɗauki nauyin wutar.

Bari mu bi dalilan, don ba magana ce ta son rai ba.

Wutar da ke bi ta wurin

Cajar wayar hannunka tana ba da amfiya biyu ko uku. Da irin wannan lissafin yawancinmu muka saba, shi ya sa idan muka ga ɗan makunni an rubuta masa 5A ko 6A sai mu ga ai ya wadatar. Jirgin yaƙi wani abu ne daban. Moto mai lamba 550, irin wanda ke cikin wasu na'urorin huda na batir, yana jan 'yan amfiya idan yana juyawa lafiya. Amma da zarar ciyawar ruwa ko zaren kamun kifi ya naɗe farfela ya tsayar da ita, abin da zai ja yakan haura amfiya da dama, goma-goma. Babban jirgi yana da irin wannan moto biyu ko fiye. Ga kuma famfo, wanda a manyan jirage shi kaɗai yana iya shan wutar da ta fi ta tuƙi. Kuma lokacin da duk suke ja tare shi ne daidai lokacin da kake cikin matsala: an huda ka, famfo na aiki iya ƙarfinsa, kana neman gudu.

A cikin kowane makunni akwai 'yan ƙarafa biyu da sifirin ke danna su su taɓa juna. Wurin taɓawar ɗan mitsitsi ne, kuma yana da 'yar turjiya ga wuta. Zafin da ke tashi a wurin ana samunsa ne idan aka ninka amfiya da kanta, sannan aka ninka da turjiyar. Ɗauki makunni sabo fil, mai turjiyar om 0.01. Idan amfiya 3 ta bi ta ciki, zafin bai kai wat 0.1 ba, ba za ka ma ji shi ba. Idan amfiya 20 ce, wat 4 ke nan. Yanzu ka ce jirgin ya nutse sau biyu ko uku, tsatsa ta fara hawa ƙarafan, turjiyar ta koma om 0.05. A amfiya 20 ɗin nan, zafin ya zama wat 20, a cikin abin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma jikinsa roba ne. Roba ta yi laushi, sifirin ya saki, ƙarafan su rage danna juna, turjiya ta ƙaru, zafi ya ƙaru. Haka abin ke ciyar da kansa har ya ƙare a ɗayan biyu: ko makunnin ya yanke wuta a tsakiyar tafki, ko ƙarafan su manne ya ƙi kashewa.

Tun kafin a kai ga narkewa ma akwai asara. A wannan misalin bolt ɗaya cur yake zubewa a kan makunnin. Jiragen da yawa suna aiki ne da bolt 6 zuwa 7.4, ka ga kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin batirinka ya tafi wajen dafa roba. Famfo zai rage fitar da ruwa, kai kuma kana can kana zargin batir. Wani lokacin wutar takan faɗi ƙasa har risiba, wato na'urar da ke karɓar umarnin rimot, ta mutu ta sake tashi. Daƙiƙa ɗaya ko biyu ce, amma a cikinsu jirgi ba shi da matuƙi.

Rubutun da ke jikin makunni kuma yana bukatar a karanta shi da kyau. Yawanci za ka ga wani abu kamar 6A 125VAC ko 10A 250VAC. Wannan alkawari ne a kan wuta irin ta NEPA, mai kai da komowa. Wutar gidajenmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ma'ana tana sauka sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, don haka tartsatsin da ke tashi lokacin da ƙarafan suka rabu yana mutuwa da kansa. Wutar batir, wadda ake rubutawa DC, ba ta sauka sifili. Gaskiya dai a bolt 6 ko 12 wannan bambancin bai kai yadda wasu ke zuzuta shi ba, tartsatsin ba ya daɗewa a irin wannan ƙaramin ƙarfi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lambar an gwada ta ne da kaya masu sauƙin hali kamar hita, ba da moto ba. Moto yana fizgar wuta da yawa lokacin tashi, kuma idan aka yanke masa wuta yana cikin aiki sai ya mayar da martani da wani ƙarfi mai tsalle wanda ke cin ƙarafan. Kamfanonin kirki sukan rubuta lambar DC daban, da ta moto daban, kuma kusan kullum ta moto ta fi ƙanƙanta. Makunnin da bai rubuta DC ba sam, bai yi maka alkawarin komai ba.

Wannan batun na AC da DC, a gefe guda, ya fi shafar masu haɗa sola a gidajenmu fiye da masu jirgi. Idan aka jera faranti da yawa ƙarfin ya haura bolt ɗari, sannan aka sa masa bireka ta wutar NEPA, tartsatsin yana iya kamawa ya ƙi mutuwa. A can kam gobara ce ake magana.

Ruwan daga ciki yake zuwa

Nan ne inda mai sayen kaya a shagunan intanet ya fi ruɗuwa. Zai ga makunni an ce ba ya jin ruwa, da 'yar hular roba a kan sandarsa, ya ce ya samu. Wannan hular an yi ta ne don kwale-kwale ko babur, inda ruwan sama ke dukan fuskar allo amma bayan allon a bushe yake. Juya makunnin ka duba bayansa: ƙafafun da ake haɗa waya a buɗe suke, jikin ma sau da yawa akwai 'yan ramuka. A jirgin yaƙi kuwa bayan allon shi ne cikin jirgi, wurin da aka tsara tun farko ruwa zai cika. Ka rufe ƙofar gaba, ɓarawo kuma yana ɗaki.

Masu wayar hannu sun san lambobin IP67 da IP68. IP67 na nufin abu zai jure nutsewa a zurfin mita ɗaya na minti 30. IP68 ya wuce haka, gwargwadon abin da kamfanin ya bayyana. IP65 kuwa feshin ruwa kawai yake jurewa, ba nutsewa ba. Akwai makunnai da aka rufe su ruf a wannan mataki, da wayoyinsu a manne tun daga masana'anta, kuma suna da kyau. Sai dai masu ɗaukar amfiya 20 ko 30 a cikinsu manya ne, masu nauyi da tsada. Ga kuma wani abu: makunnin da aka rufe rabi da rabi ya fi buɗaɗɗe muni. Ruwa zai sami hanyar shiga a hankali lokacin da jirgi ke kwance a ƙasan tafki, amma ba zai sami hanyar fita ba. Sai ya zauna a ciki mako guda yana aikinsa.

Mutane da yawa suna zaton da ruwa ya taɓa waya sai tartsatsi da hayaƙi. A ruwan tafki mara gishiri, da bolt 6 ko 12, ba haka ba ne. Ruwan ba ya ɗaukar wuta sosai, moto mai burushi ma yana iya juyawa a cikinsa. Ɓarnar a hankali take zuwa. Matuƙar akwai wuta a jikin ƙarafa biyu da ke cikin ruwa ɗaya, ɗayan zai riƙa zagwanyewa, kore-koren nan ya hau tagulla, ya bi cikin waya ya shige ƙarƙashin robarta inda ido ba ya gani. Jirgi zai fito daga ruwa yana aiki lafiya lau, ka yi murna, bayan wata guda ya ƙi tashi. Saboda haka abin da ake bukata a irin wannan wuri shi ne abin da za a iya buɗewa, a gani, a wanke, a shanya. Makunni rufaffen akwati ne. Fulogi kuwa a buɗe yake.

Yadda fulogin yake

Dabarar ba sabuwa ba ce, masu jiragen sama na rimot sun daɗe suna amfani da ita. Za ka yanke jar wayar da ta fito daga batir. Bakin nan biyu da ka yanke, ka haɗa su da dalma a ƙafafu biyu na macen fulogi, irin su XT60 ko XT90, ka kafe ta a wani wuri a saman jirgi. Sannan ka ɗauki namijin, ka haɗa ƙafafunsa biyu da guntuwar waya mai kauri, ka lanƙwasa ta kamar zobe, ka rufe da roba. Wannan ya zama makullinka. Ka cusa shi, wuta ta bi ta zoben ta wuce. Ka zare shi, jirgi ya mutu murus.

Abin da ya sa na fi yarda da shi: babu sifirin da zai gaji, babu ɗan wurin taɓawa guda ɗaya. Sandunan tagulla ne masu ruwan zinare da ke shiga cikin juna da faɗi, turjiyarsu ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na om idan suna da tsabta. XT60 yana ɗaukar amfiya 30 a kai a kai ba tare da damuwa ba, XT90 ya fi haka. Kowane cusawa da zarewa yana goge ƙarafan. Nauyinsa 'yan giram ne. Sannan da ido za ka san halin da jirgi yake ciki: in makullin yana aljihunka, babu wuta, ba sai ka tuna ko sama ne kunnawa ko ƙasa ba.

Akwai kuskure ɗaya da zai iya mayar da wannan dabarar masifa, kuma ina so a ji shi da kyau. Batir ɗin kansa mace ce a bakinsa. Idan batirinka XT60 ne, makullinka ma XT60 ne, to makullin zai shiga bakin batir daidai wa daida. Ranar da hannu ya yi kuskure, ko wani yaro ya ɗauka yana gwadawa, ka haɗa ja da baƙi kai tsaye ke nan. Batirin LiPo mai 5000mAh da aka rubuta wa 50C yana iƙirarin ba da amfiya 250, kuma ko rabin haka ya bayar ya isa ya mai da waya ja-wur cikin daƙiƙa kaɗan, batirin ya kumbura ya kama wuta. Maganin mai sauƙi ne: makulli ya zama wani iri ko wani girma daban da na batir. Batir XT60, makulli XT90. Ko a juya. Kada su taɓa zama ɗaya.

Sauran matsalolinsa ƙanana ne. Yana ɓata, don haka ka ɗaure shi da igiya a jikin rimot ko ka yi guda biyu. Yana da tauri wajen zarewa da jiƙaƙƙen hannu, shi ya sa ake barin zoben da ɗan faɗi yadda yatsa zai shiga, kuma dole a kafe macen da gam mai ƙarfi a jikin ƙashin jirgi, ba a kan siririn katako ba. Masu son jirgi ya yi kama da na gaske sukan ɓoye shi a ƙarƙashin wani ɗaki na saman jirgin ko cikin bututun hayaƙi. Game da tartsatsin da kan tashi lokacin cusawa kuwa, kafasitocin na'urar sarrafa gudun moto, wato ESC, su ne ke zuƙar wuta a tashi ɗaya. A batir mai ɗaki biyu ko uku, bolt 7.4 ko 11.1, ɗan ƙyas ne kawai. Daga ɗaki huɗu zuwa sama ne yake fara cin bakin ƙarfe, kuma don haka aka yi XT90-S, mai ɗan rezisto a ciki da ke fara cika kafasito a hankali. In za ka yi amfani da shi ka tura shi har ƙarshe. Idan ka bar shi rabi, duk wutar za ta bi ta reziston ta ƙone shi.

Fulogi yana kashe wuta ne kawai idan hannunka ya kai gare shi. A tsakiyar tafki fiyus ne kaɗai mai tsaronka. Fiyus ɗin mota mai ƙafa biyu ya wadatar, wanda kowane mai gyaran wayarin mota yake da shi: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. A sa shi kusa da batir iya yadda zai yiwu, a kan jar waya. Na san akwai 'yan wasan da ba sa son fiyus ko kaɗan, hujjarsu ita ce in ya ƙone a tsakiyar yaƙi jirgi ya nutse a banza. Hujjar tana da ƙarfi idan fiyus ɗaya ne ke riƙe da komai. Amma ai ba dole ba ne. Ka raba hanya bayan makulli: tuƙi da nasa fiyus, famfo da nasa, risiba da nata. Ciyawa ta kama farfela, fiyus ɗin tuƙi ya tafi, famfo yana nan yana aiki, jirgi na shawagi har a ɗauko shi. Nutsewa asarar maki ce da jiƙa wando. Batirin da ya kama wuta a cikin jirgin katako mai ɗauke da kwalbar gas kuwa, asarar aikin watanni ce. Girman fiyus ɗin ka auna shi da mita, ya ɗan ɗara abin da moto ke ja a cikin ruwa, ya kuma gaza abin da wayar za ta iya ɗauka. Waya mai lamba 14, kimanin murabba'in milimita 2, ita ce ta matsakaicin jirgi. Manya sukan koma lamba 12.

In dole sai makunni

Ba zan ce makunni bai da wuri a jirgi ba. Jiragen sun bambanta ƙwarai. Yamato ya haura tan 70,000 idan an cika shi da kaya, a ma'aunin 1:144 nauyinsa ya kai wajen kilo 24. Ƙaramin jirgin rakiya irin Fletcher na Amurka kuwa tsawonsa santimita 80 ne, nauyinsa a lissafi kusan kilo ɗaya. Irin wannan da 'yan ƙananan motocinsa, in duk abin da yake ja bai wuce amfiya huɗu ko biyar ba, makunni mai kyau da aka rubuta wa amfiya 15 ko 20 na DC zai riƙe shi, matuƙar ka ɗauke shi a matsayin abin da ake canzawa lokaci-lokaci kamar burushin moto. Wasu kan sayi mai layi biyu su haɗe layukan wuri ɗaya. Hakan yana rage zafi lokacin da wuta ke wucewa, amma bai ninka ƙarfinsa wajen kunnawa da kashewa ba, domin kullum layi ɗaya ne ke riga ɗaya taɓawa, shi ke shan dukan. Ɗan makunnin nan mai zamewa da ke zuwa da kayan rimot, mai siraran wayoyi, na risiba ne kawai. Kada ya kusanci moto.

Ga babban jirgi, hanyar da ta dace in ana son kunnawa daga waje ita ce makunnin lantarki mai tiransiston MOSFET. Babu abin da ke motsi a cikinsa, turjiyarsa kan kasance kashi biyu ko uku cikin dubu na om. A amfiya 20, mai 0.002 zafinsa wat 0.8 ne kacal. Ana iya dulmiya allonsa gaba ɗaya a cikin gam na efoksi, ruwa ya yi ta yawonsa. Abin da ke ba shi umarni ɗan ƙaramin maɓalli ne, ko ma maganaɗisu: ka goga shi a jikin jirgi daga waje, wuta ta kama, ba rami ba huda. Abin burgewa ne, kuma na san shi ne zai fi jan hankalin masu karanta wannan shafi.

Amma a san halinsa. MOSFET idan zai lalace, galibi a kunne yake mutuwa, wato ranar da ka fi bukatar ya kashe ita ce ranar da zai ƙi. Yana kuma shan 'yar wuta ko a kashe yake. Mai maganaɗisu kuma dole a nisanta shi da motoci, don su ma maganaɗisu ne a cikinsu. Ko da shi, sai ka bar fulogin a matsayin uban gida. Rile irin ta mota mai amfiya 30 ko 40 ita ma tana aiki, tana da araha, ana samunta ko'ina. Aibinta biyu: naɗin wayarta yana cin wuta muddin tana kunne, kuma idan batir ya yi ƙasa lokacin da famfo ya fizga, tana iya saki ta kashe komai. Ta bolt 12 kuma ba za ta kama da kyau a jirgi mai bolt 6 ba.

Wani ɗan bayani ga mai zaɓen ƙaramin makunnin da zai zama ɗan aike: ka nemi mai ruwan zinare a ƙarafansa. Masu azurfa an yi su ne don wuta mai yawa, wadda ke ƙone dattin da ke hawa kansu. In wutar 'yar kaɗan ce dattin zai taru har su daina haɗawa. Zinare ba ya tsatsa, amma wuta mai yawa tana cinye shi nan da nan. Kowanne da gonarsa.

Sai ɗan makunnin da ke maƙale a jikin ESC, wanda ke yaudarar mutane da yawa. A yawancinsu ƙwaƙwalwar na'urar da wutar risiba kawai yake kashewa. Manyan wayoyin suna nan haɗe da batir, kuma ana ci gaba da tsotsar wuta kaɗan-kaɗan. Ɗakin LiPo yana cika a bolt 4.2, kuma idan ya sauka ƙasa da 3.0 ya fara lalacewa. Ka ajiye jirgi mako biyu da wannan makunnin a kashe, ka dawo ka tarar da batir ya kumbura kamar burodi. In an gama wasa, a zare batir ɗin kansa a fitar da shi daga jirgi.

Inda za a kafa shi

A jirgin da ke da bindiga, wurin da makulli yake ya kai irinsa muhimmanci. Lokacin da wuta ta shiga, ƙananan injinan da ke juya sitiyari da danna bawul sukan yi ɗan firgigit kafin su daidaita. In wanda ke kan bindiga ne ya motsa, harsashi ya fita. Don haka kada a sa makulli inda sai ka sunkuya a kan bakin bindiga, ko ka zura hannu kusa da farfela, kafin ka kai gare shi. Ya kasance hannu ɗaya zai same shi cikin daƙiƙa biyu ba tare da kwance ko da noti ɗaya ba, domin jirgin da ka ciro daga ruwa yana hayaƙi ba zai jira ka nemo sukudireba ba. Rimot ake fara kunnawa, sannan jirgi. Wajen kashewa jirgi ne farko. Kuma a saita risiba yadda in ta daina jin rimot za ta tsayar da farfela ta bar bindiga a rufe, musamman da yake siginar 2.4GHz ba ta ratsa ruwa, jirgi na nutsewa ta yanke.

Zare makulli bai sauke gas ba. CO2 a cikin kwalba yana haura psi 800, ana rage shi zuwa wajen 150 kafin ya isa bindiga, kuma wanda ya riga ya shiga bututu yana nan ko babu wuta. Shi ya sa ƙungiyoyin wasan suke tilasta tabarau ga duk wanda ke bakin ruwa, da toshe bakin bindigogi in jirgi yana kan tudu.

Duk abin da ka zaɓa, akwai gwajin minti biyar da zai gaya maka gaskiyarsa. Ka sa jirgi a baho ko babban kwano, ka riƙe shi, ka kunna famfo da farfela gaba ɗaya. Ka saita mitarka a kan bolt na DC, ka ɗora tsinke ɗaya a ƙafar da wuta ke shiga makunnin ko fulogin, ɗayan a ƙafar da take fita. Abin da mita ta nuna shi ne abin da ke zubewa a wurin. Ƙasa da bolt 0.1 lafiya lau. In ya kai 0.3 ko ya wuce, kashe ka taɓa shi da yatsa, za ka ji ɗumi. Ka rubuta lambar a jikin murfi da alƙalami, ka sake aunawa bayan kowace nutsewa, bayan ka wanke fulogin da ruwa mai tsabta, ka bi shi da sifirit, ya bushe, ka shafa masa ɗan giris na silikon. In lambar ta ninka ta farko, canza shi kafin fita ta gaba.